Ranar da Muka Fito ta But

Da aka dawo da maigidana aiki Dutse daga Kano, muka kama haya a Yalwawa, sai ya ce bai dace a ga ma'aikacin sabuwar jiha a kan acaɓa ba. Ya je ya sayo wata ƙaramar mota 'yar Kwatano, ruwan toka, mai ƙofa biyu.

Daminar farko rufin ya fara yoyo, daidai kan direba. Tsatsa ta cinye ƙasan motar har ina hango kwalta ta gefen ƙafata. Kullum ya dawo, kafin ya cire hula zai fara: "Wallahi an cuce ni. Gwangwanin madara aka shafa wa fenti." Amma ranar da na ce, "Gaskiyarka, Malam, a sayar da ita mana," wuni ya yi bai kula ni ba. Shi kaɗai ke da ikon zagin ta.

Wani mai gyaran jikin mota a Limawa ya yi wa ƙofar direba gyara, tun daga nan ba ta sake buɗuwa ba. Ta wajena yake shiga, ya tattare babbar riga, ya tsallake giya. Ita ma tawa mariƙinta na waje ya daɗe da karyewa, ta taga ake zura hannu a buɗe.

Da ƙaramar Sallah muka tafi Aujara gaishe da mahaifina. Maigidana ya sha shadda, ya ce yau surukai za su ga mota. Muka tsaya a ƙofar gida, Baba na zaune kan tabarma da dattawan unguwa. Na ja mariƙin ciki, sai ga shi ya ɓalle a hannuna.

Da ya ga ba mu fito ba, Baba ya taso, ya leƙo ta taga.

"Sannunku da zuwa. Ko ba nan za ku sauka ba?"

"Nan ne, Baba, muna ƙoƙari," in ji maigidana. Ya yunƙura zai durƙusa ya gaishe shi, sitiyari ya tokare masa ƙirji, hon ya ɗauka.

A ƙarshe but ɗin bayan motar aka buɗe, muka kwantar da kujerar baya. Ni na fara rarrafowa, kunya kamar ƙasa ta tsage. Shi kuma da baya ya fito, ƙafa a gaba, riga a wuya. Dattawa suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa.

Baba ya ce, "Madalla da mota mai amana. Ba ta son rabuwa da mai ita."

Maƙerin unguwa aka kira, ya kafa wa ƙofar wajena sakata ciki da waje, irin ta ɗaki, har da wurin kwaɗo. Haka muka koma Dutse. Washegari na ji maigidana yana gaya wa maƙwabcinmu cewa shi ya sa aka yi, saboda ɓarayin mota sun yi yawa a gari.