Wayar Altine Mai Kitso

Malama Badi'a 'yar Lakwaya ce, amma a Gwarzo aka fi saninta, domin shekara goma sha tara ta yi tana koyar da 'yan aji ɗaya a wata firamare ta cikin gari. Mace ce mai saurin yanke magana. In ta ce a yi, to yau za a yi, har mijinta Malam Sajo ya gaji da ce mata ta bari a gani. Wannan hali ya sha yi mata rana. Sau ɗaya ne ya sa ta zubar wa wata baiwar Allah mutunci a garinsu, matar da ko sunanta ba ta sani ba.

Da ta ajiye aikin gwamnati sai ta buɗe makaranta a waya, tana koya wa matan aure karatu da rubutun boko. A falonta take ɗaukar darasi a bidiyo, da allo da alli kamar yadda ta saba, ta sa a shafinta. Mace ta yi rajista, ta kalla in ta gama aikin gida. Cikin shekara biyu ɗalibai suka haura ɗari huɗu, daga Getso har Kabo.

Talla ce ta dame ta. Tana sawa a rediyo, tana sawa a Fesbuk, amma ba ta san wacce ce ke kawo mata ɗalibai ba. Sai Malama Judith, tsohuwar abokiyar aikinta, ta haɗa ta da ɗan yayarta Chollom, mai aikin kwamfuta a Jos. Badi'a da shi ba su taɓa ganin juna ba. Ta waya suka daidaita, ta ɗauke shi aiki yana can tana nan. Ya yi wa kowace talla tata hanyar shiga, yadda duk wadda ta yi rajista za a san ta inda ta biyo. Mutum ne mai ladabi, kuma ya san aikinsa.

Bayan sati uku ya kira ta.

"Hajiya, akwai matsala. Waya ɗaya ta yi wa mutum talatin da bakwai rajista, kuma ba ta biyo ta kowace talla ba. Akwai masu sa na'ura ta dinga cika sunayen ƙarya, su rikita wa mutum aiki. Ina ganin irin su ne. Ko za ki fara kiran lambar mu ji?"

"Kiran me? Ka toshe ta kawai, Malam Chollom."

"To rubuto min abin da zai fito a fuskar wayar in an buɗe, ni Hausata ta baki ce."

Nan take ta rubuta masa, da gajerun kalmomi irin na mai koyar da 'yan aji ɗaya: "Mai wannan waya maƙaryaci ne. An rufe shi." Ta tura, ta koma kan girkinta.

Kwana huɗu da yin haka wata mata ta kira ta daga Durun, ta ce sunanta Mansura. Sai da suka gaisa, ta tambayi maigida da yara da aiki, sannan ta shiga magana. Wayar da aka toshe ta surukarta ce, Inna Altine mai kitso, ɗanta da ke Legas ne ya aiko mata da ita, kuma ita ce babbar wayar da matan unguwar ke iya taɓawa. A bakin wata mai zuwa kitso Altine ta ji labarin makarantar. Tun daga ranar, duk wadda ta zauna a gabanta sai ta sa Mansura, da yake ta yi firamare, ta yi mata rajista. Bayan azahar su taru a tsakar gida, a jingina wayar da turmi, a sa darasi. Mazajen sun yarda ne kawai saboda gidan Altine ne, matar da ba a taɓa kama ta da ƙarya ba.

"Yanzu kuwa, Malama, magana ta zaga gari cewa makarantar da kanta ta ce ita maƙaryaciya ce. Wasu an hana su zuwa. Ko kitso ta daina yi."

Badi'a ta ji kunya irin wadda ba ta taɓa ji ba. Ta kira Chollom, kafin minti biyar ya buɗe layin yana ta ba da haƙuri. Ta ce masa ya bar ba da haƙuri, shi ya ce a kira, ita ta ƙi. Amma ta san buɗe layi ba zai wanke Altine ba. Washegari ta shiga motar Kabo, daga nan ɗan acaɓa ya ƙarasa da ita Durun.

Gida-gida ta bi tare da Mansura, tana tsayawa a soro tana yi wa masu gida bayani cewa kuskurenta ne. Wasu suka ce ba komai. Wasu suka saurara, suka ce Allah ya kyauta, ba su ƙara ba. Da la'asar mata goma sha ɗaya ta tarar a tsakar gidan Altine, cikin talatin da bakwai.

Altine dattijuwa ce, ƙarama, mai lalle a hannu. Ta shimfiɗa wa baƙuwarta tabarma, ta kawo ruwa, ta gaishe ta gaisuwa mai tsawo. Badi'a ta durƙusa a gaban matan ta ce, "Inna, ni na rubuta da hannuna. Ki yafe min don Allah."

"Na yafe, Malama, tashi. Amma bari in gaya miki yadda aka yi. Ni ban iya karatu ba, ni dai mai waya ce. Ranar Mansura ta tafi awo asibiti. Da rubutu ya fito sai na ɗauka jarrabawa kika aiko musu. Na ce to mata, wa za ta gwada? Suka taru suna haɗa baƙi, wannan ta kama, waccan ta gyara. Can sai Sa'adiya, wadda bara ko sunanta ba ta iya ganewa, ta karanta shi tsaf da ƙarfi. Na tashi na rangaɗa mata guɗa. Sai da na ga duk sun sunkuyar da kai na gane da ni ake."

Badi'a ta kasa ɗago ido.

"Kin iya koyarwa, Malama," in ji Altine. "Ko harafi ɗaya ba su ɓata ba."