Ranar da Muka Shanya Littattafan Doña Eufemia

Duk wanda ya ce 'yan unguwarmu ba mu san darajar littafi ba, a turo min shi. Ni Maximina, soyayyen kifi nake sayarwa a unguwar Barrios Altos ta birnin Lima, kuma bango ɗaya ya raba ɗakina da na Doña Eufemia Llanos, mai rumfar tsofaffin littattafai a bakin kogin Rímac.

Tana budurwa ta sauko Lima daga duwatsun Ayacucho, ta kama aikatau a gidan wani tsohon malamin tarihi. Aikinta kakkaɓe ƙurar littattafai, kuma a wajen kakkaɓewar ta koyi karatu. Da tsohon ya rasu, 'ya'yansa suka ce a kwashe tarkacen nan a ba su wuri. Ita ta kwashe su a baro, sawu bayan sawu: tarihin mulkin Sifaniyawa, asalin manyan gidajen Lima, yarjejeniyoyin iyaka da maƙwabtan ƙasashe. Ƙananan takan sayar ta ci abinci. Manyan masu bangon fata kuwa ba na sayarwa ba ne, ɗalibai ke zuwa su karanta a gabanta tana zare musu ido. Ba miji, ba ɗa, su ne iyalinta.

Abokin gabanta ɗaya ne, danshin garin nan mai sa takarda funfuna. Don haka duk Fabrairu, in rana ta buɗe, sai ta hau da manyan kan rufi ta baje su su sha iska. Ba leda, ba komai. Wa zai rufe? A Lima yayyafi kawai muka sani, shi ya sa ko indararo ba ma sa wa gidajenmu. A garinsu ko takalmi ba a bari a waje saboda ruwan sama, amma zama da mu ya mantar da ita.

Wata Asabar ta baje su ta tafi rumfa. Da rana tsaka sai ga ruwa, ruwa na gaske, kamar da bakin ƙwarya. Muka fito muka saki baki muna kallon ikon Allah, har sai da Don Casimiro mai aski ya ƙwalla ihu: "Littattafan Eufemia!"

Kafin mu sauko da su sun jiƙe sharkaf. Ta iso a guje, takalmi ɗaya a ƙafa, ta zube a kan matakala ta ɗora hannu a ka.

"Na kashe su, maƙwabciya," ta ce min. "Tsohon nan ya riƙe su har ya mutu, ni na kashe su a wuni ɗaya."

Tausayinta ya kama ni, amma na ce, "Ke dalla tashi! Gawa kika gani? Wanki ne ya jiƙe. Akwai abin da matan layin nan suka iya kamar shanya?"

Da ruwa ya ɗauke, kowane gida ya sauke wankinsa daga igiya, jiƙaƙƙe da busasshe, aka rataya littattafai a buɗe. Waɗanda suka fi shan ruwa muka shiga da su madafa kusa da murhu, muna sa tsohuwar jarida tsakanin shafi da shafi, Eufemia na bi gida-gida tana faɗa: "A hankali! Ba fatar kaza kike ja ba!"

"Doña, zo ki ga abin mamaki," in ji Don Casimiro, yana nuna wani littafi a kan igiyarsa. "Wakilin sarkin Sifen ne rataye kusa da gajeren wandona, ko tari bai yi ba."

"Wanke wandon dai, kada ka ƙarasa shi," ta ce. A nan ta fara dariya, hawaye na zuba.

Ran Lahadi duk layinmu da kaya masu danshi muka je coci, muna wari kamar tsumma, kuma ba wanda ya sunkuyar da kai.

Littattafan sun tsira, sai dai sun kumbura, ba sa rufuwa da kyau, kuma kowanne ya ɗauko warin gidan da ya bushe a ciki. Har yau in ɗalibi ya buɗe babban littafin asalin masu sarautar Lima sai ya yamutsa fuska ya ce, "Doña, wannan fa ƙarnin kifi yake yi."

Ita kuwa sai ta gyara zama ta ce, "Riƙe shi da hannu biyu. Maximina ce ta cece shi."