Turancin Inna

Innarmu ba ta taɓa yi wa Yaya magana kai tsaye ba. Shi ne ɗanta na fari, kuma a gidanmu na Tsaskiya kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallon idonsa. In yana zaune a tsakar gida tana son ya ci abinci, sai ta dubi katanga ta ce, "A ce wa wancan tuwo na hucewa." Katanga kuwa ba ta taɓa kai saƙo ba, ni ce nake kaiwa.

Yaya ya yi shekara ashirin yana gyaran mota a Fatakwal. Wata rana a waya ya ce mini, yana dariya irin wadda ba ta kai ciki ba, "Kin san har na yi furfura Inna ba ta taɓa ce mini sannu ba?" Na san al'ada ce, shi ma ya sani. Amma maganar ta tsaya mini a rai, domin na ji yana ciwo.

Da aka ce zai zo babbar Sallah da 'ya'yansa mata biyu, waɗanda Turanci ya fi zama a bakinsu, Inna ta aika a kira ni daga Safana, inda nake koyarwa a firamare.

"Ke da gwamnati ke biya ki koya wa ɗiyan mutane," ta ce, "zo ki koya mani abin da zan ce wa jikokina."

Na ɗauko dabarar da nake yi wa 'yan aji uku. Jimla ɗaya ake kafawa, sai a riƙa cire kalmar ƙarshe ana sa wata. Na ɗaga ƙwarya na ce, "Dis is mai kalabash." Na nuna akuya na ce, "Dis is mai got." Inna ta tafa hannu.

"Ashe turmi guda ne! Abin da ka zuba shi za ka daka."

Daga ranar babu wanda ya huta. Tana surfe tana jan jimlolin da murya irin ta karatun allo, har da rangaji. Kaji sun zama nata, rumbun gero ya zama nata, har babur ɗin maƙwabcinmu. Da Baba ya dawo daga masallaci ta nuna shi da muciya ta ce, "Dis is mai hosban." Baba ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa ya dube ni.

"Mi ta ce?"

"Cewa ta yi kai mijinta ne."

"To dā wa ya yi musu?"

A gaisuwa muka yi faɗa. Na ce mata ana cewa "Hawa yu," a amsa "Fain." Ta jira sauran. Na ce babu saura.

"Ba gajiya? Ba ya aka ji da ruwa? Ba ina mutan gida?" Ta taɓe baki. "Mutanen nan marowata ne. Ko ke ce ba ki kai ƙarshen littafin ba?"

Wannan ya ba ni haushi, ni da takardar shaidar malanta. Don in rufe mata baki na ba ta "Haw is," na ce ta sa duk abin da take so a baya. Na yi da-na-sani. Mai tallan nono ma sai da ta sha "Haw is shanu, haw is damina, haw is hanya," ta ajiye ƙwaryarta tana neman tsari.

Ranar da suka iso, yaran suka durƙusa suka ce "Ina wuni, Kaka," da Hausar da uwarsu ta haddace musu a mota. Inna ta gyara zama ta sake musu ruwan Turancinta. Suka dubi juna, suka fashe da dariya, ƙaramar ta faɗa cinyarta. Inna ta yi mini wani kallo, wai in ga aiki.

Yaya yana gefe a kan tabarma. Ya gaishe ta, ta amsa wa katanga kamar kullum. Na ga fuskarsa ta sauka.

Da la'asar aka kwashe tuwo. Na miƙe don in karɓi saƙo, sai na ga Inna ta ɗauki akushin da kanta. Ta taka har gabansa ta ajiye.

"Yu," ta ce. "It."

Wato ya ci. Yaya ya ɗago kai, bai taɓa akushin ba.

"Haw is Fatakwal? Haw is wok? Haw is gajiya?"

"Fain, Inna," ya ce. "Fain."

Sai ta dubi cikin idonsa ta ce, "Yu is mai son." Wato kai ɗana ne. A ajina da na ja jan biro a ƙarƙashin wannan jimla. A nan kuwa kuka ya zo mini. Yaya, ƙaton mutum mai furfura a gemu, ya sunkuyar da kai yana share ido da hularsa.

Da muka shiga ɗaki na ce zan ɗan tsokane ta. "Inna, yau kin yi wa ɗan fari magana a gaban mutane."

"Ni? Allah ya kiyaye. Turanci na yi."

A wurinta Turanci ba magana ba ce da kunya za ta hau kanta. Har yau ba ta ce masa uffan da Hausa ba. Amma duk Juma'a yakan kira, ta karɓi wayar ta juye masa 'yan kalmominta kaf, in sun ƙare ta miƙa wa na kusa da ita tana tsaki. Makon jiya ta aiko mai babur tun daga Tsaskiya, ya same ni a aji. Wai in rubuta mata yadda ake cewa, "Ka daɗe ba ka zo ba."