Yadda Na Ba Dodon Japan Baki

Ni ban shiga makarantar boko ba, jikata ce ke riƙe da alƙalami, ina faɗa tana sawa. Abin da na iya tun ina yarinya shi ne tatsuniya. A Horo Birni na koye ta wajen kakata, na tafi da ita gidan aure. Da maigidana ya rasu, Allah ya jiƙansa, autana ya ɗauko ni ya kawo ni Boɗinga, nan ma na zo da abata. Da an gama cin tuwo sai in shimfiɗa tabarma bakin ɗakina, jikokina su zo, ɗiyan maƙwabta su biyo su, har wasu su zauna a kan turmi. Ina da dodanni iri-iri a bakina, da na rijiya, da na kuka, da mai haɗiye gari da shanunsa.

Autan nan nawa fataucin albasa yake yi, yana bin mota zuwa Legas. Lokacin mulkin farar hula ne, kasuwa na tafiya. Wata dawowa sai ga shi da akwatin talabijin, da wani ƙaramin akwati da ake kira bidiyo, da janareta mai ƙara kamar injin niƙa. Cikin kaset ɗin da ya zo da su akwai wani tsohon fim na dodo, na mutanen Japan, ƙasar nan da ake ƙera babura. Bayan la'asar yake kunnawa a zaure, ya rataya bargo a ƙofa don duhu, saboda malamin unguwa ya ce kada a taɓa masa karatun yara na bayan magariba.

Ban ɗauki abin da zafi ba sai ranar da na shimfiɗa tabarma na zauna, na zauna, ba wanda ya zo. Ina jin su can waje suna gurnani suna rushe gidajen ƙasa da sunka gina. Na kira jikana, babban ɗan autana, wanda nake ce wa maigida saboda wasan da ke tsakaninmu.

Na ce, "Maigida, yau yaji ka yi mini?"

Ya ce, "Kaka, dodonki na baki ne. Na zaure ana ganinshi da ido, ya fi masallacin Juma'a tsawo."

"To shi wannan dogon mi yake cewa?"

"Ba ya magana. Ƙone gari yake yi."

Ya koma wajen wasansa. Na naɗe tabarmata. Haka anka yi ta yi har damina ta wuce, kuma ni na san tatsuniyar da ba a faɗa ruɓewa take yi cikin mutum. Na fara lalubar wasu waƙoƙin ina rasa rabinsu.

Sai na ce bari in je in ga wanda ya kore ni. Autana ya ba ni kujera 'yar tsugunne kusa da bango, yana dariya ƙasa-ƙasa.

Zan faɗi gaskiya, don dodon nan yana da hakki a kaina. Da ya ɗago kai daga cikin teku, ruwa na zuba daga ƙayoyin bayansa, sai da na kama bango. Kukansa kamar ana jan ƙofar ƙarfe mai tsatsa, amma ƙofar da ta kai girman gari. Sojoji sunka zo da igwa da jiragen sama, sunka yi ta zuba masa wuta, ko juyowa bai yi ba. Ya ɗauki jirgin ƙasa da baki kamar kare ya samu ƙashi. Amma abin da ya fi taɓa ni ba shi ba ne, masu gudu ne. Na ga mace da goyo da ƙunshin kaya, tana waigen gidanta. Ba a koya wa mutum wannan waigen. Na gan shi a fuskar mata shekarar yunwa, da mutanen arewa da mu sunka biyo ta garinmu da sauran awakinsu. Autana ya ce ai mutanen Japan an taɓa jefa musu wani bam da ya cinye garuruwa sukutum. Na ce shi ke nan, sun san abin da suke nunawa.

To amma da idona ya zauna, sai na fara ganin ɗinki. Gwiwar dodon irin ta mutum take lanƙwasa. Fatar cikinsa tana naɗewa kamar babbar riga a jikin ƙaramin mutum. Na ce a raina, akwai ɗan wani cikin buhun nan, yana shan zafi, Allah ya sa an ba shi ruwa. Gidajen da yake takewa kuwa fanko ne. Bene ya faɗi, ba tukunya, ba tsumma, ba kaza ko ɗaya da ta fito da gudu. Kuma kafin a sake nuna shi sai an daɗe ana nuna wasu maza masu fararen riguna sun kewaye tebur suna surutu da yaren da ba mai ji a zauren, yara na ta tsunkulin juna.

Babban aibinsa shi ne ba ya son komai. Dodo na gaskiya yana da buƙata. Ko yarinya yake so, ko alkawari anka saɓa masa, ko tuwo ya ƙare. Wannan bai ci ba, bai sha ba, bai tambayi kowa komai ba. Kuma babu waƙar da yara za su amsa.

Na faɗa wa autana haka. Ya ce, "Inna, kishi ne kawai."

Na ce, "Kishi da mai sanye da buhu?"

Jikana ya ce, "Ko buhu ne dai ya kwashe miki mutane." Anka yi dariya, ni ma na yi, amma gaskiya ya faɗa.

Daga nan zamani ya juya. Sojoji sunka karɓi mulki, ruwan sama ya ɗauke tun gero bai yi ido ba, ana bin layi don sabulu da shinkafa. Tuwo ya koma sau ɗaya a gidaje da yawa. Fataucin albasa ya ja baya. Cikin wannan hali muryar akwatin ta mutu. Hoto na fitowa, amma ba ƙara. Autana ya kai shi Sakkwato, mai gyara ya ce abin da ya ƙone ba ya shigowa ƙasa yanzu. Yara sunka gwada kallon dodo bebe, sunka gaji. Ba su dawo wurina ba kuma, sun saba da rashina. Sai ka gan su zaune gindin bango shiru, abin da bai kamaci yaro ba.

Wata Alhamis autana ya ce zai ƙone ɗan man da ya rage, ya kunna musu na bankwana, don ya samu mai sayen akwatin daga garin Shagari. Yara sunka cika zaure, na ɗauki kujerata na shiga. Anka zo wurin masu fararen riguna, bakinsu na motsi, ba abin da ake ji sai janareta a waje. Jikana ya juyo da tsokana.

"Kaka, ke da kin san komai, mi sunka ce?"

Ba a tatsuniya da rana, kowa ya san wannan, sai an ƙulle bakin zane. Na kama bakin zanena na ƙulle shi tam a gabansu.

Na ce, "Wancan mai tabarau cewa yake, 'Alhaji, dodo ya aiko, mudun gero ɗaya yake roƙo.' Mai sanƙon nan ya ce, 'Babu. Rumbuna a rufe suke sai farashi ya ƙara tashi.'"

Mai sanƙon kuwa sai ya bugi tebur daidai nan. Dariya ta tashi har da autana, don duk mun san irin mai sanƙon a kasuwarmu.

Na ce musu dodon nan barcinsa yake a ƙasan teku, bai taɓa kowa ba, mutane sunka jefa wuta cikin ruwa sunka kashe masa kifi duka. Yunwa ta tashe shi. Na aiki jikana ya ɗauko tulu marar ruwa. Da dodon ya ɗago kai ya buɗe baki, na kafa bakina cikin tulun na yi gurnani da duk ƙarfin da ya rage mini. Wata 'yar ƙarama ta faɗa cinyar yayarta. Na ba su waƙa. In na ce, "Na ƙasan ruwa, mi ka fito nema?" su amsa, "Mudun gero, mudun gero," suna buga ƙafa daidai da takunsa. Gidajen nan na fanko na zuba musu mutane. Na ce wannan na tela ne, ya fita da kekensa a kai. Wancan na mai ƙosai ce, ta koma ɗaukar kaskonta, da ƙyar ta sha. Matar nan mai goyo na ba ta suna da gari, na ce gidan ƙanenta za ta, kuma za a karɓe ta.

Na ɗaga kai sai na ga an ɗage bargon ƙofa. Matan gida da na maƙwabta sun tsaya, har da malamin unguwa can baya, yana yi kamar wucewa yake.

A ƙarshe dodon ya juya ya shiga teku, ruwa ya rufe ƙayoyin bayansa, rubutu ya hau allo. Haka masu fim ɗin sunka bar shi, ba a san ya ƙoshi ko bai ƙoshi ba.

Jikana ya ce, "To ya samu geron?"

Na kwance ƙullin zanena a hankali. Na ce, "Wannan akwatin ubanka bai sani ba. Ni na sani. Amma ba da rana ba."

"Haba Kaka."

"Kai ka ce nawa na baki ne. To bakin yana bakin ɗakina bayan tuwo."

Ran nan tabarma ba ta isa ba, sai da anka aro ta maƙwabta. Wasu cikinsu ba su ci komai ba tun safe, na sani, na raba musu ɗan ƙanzon da nake ajiya. Na kai dodon har ƙasan teku, na sa wata tsohuwa mai sayar da fura ta bi shi da ƙwarya, na ƙosar da shi, ya kwanta.

Washegari mutumin Shagari ya zo ya ɗaure akwatin bayan babur ya tafi da shi. Dodon kuwa ya zauna wurina. Ya shiga cikin sauran dodannina, da ƙayoyinsa da kukansa na tulu, kuma ɗiyan jikokina yanzu sun ɗauka ɗan Horo Birni ne. Mutanen Japan sun iya ƙera jiki, ban hana su ba, kuma sun san tsoro. Wanda ya sha zafi cikin buhun nan, in yana raye, ina gaishe shi. Aikin rabi ya yi, ni na ƙarasa.