Shekarar da Aka Aike Ni Jin Bakin Mata a Kan Gada

Ni malamar firamare ce. A lokacin da nake ba da labari gidanmu yana wannan gaɓa ta kogi, makarantar da nake koyarwa tana ƙetare. Ƙauyenmu yana ƙasar Gwaram. Da rani kogin ba shi da wani kwarjini, yashi ne shimfiɗe sai ɗan ruwa iya idon sawu a tsakiya, in cire takalmi in riƙe a hannu in wuce. Da damina kuwa sai da kwale-kwale, kuma mai fiton kawuna ne, ƙanin mahaifiyata. Kasuwa tana ƙetare, titin da ke kai mutum Birnin Kudu yana ƙetare, asibiti ma sai an haye. Don haka ranar da aka fara zancen gada ban tsaya wani tunani ba, na san ina so.

'Yan garinmu mazauna Kano ne suka tayar da maganar. Sun zo hutun Sallah suka zauna da mai gari, suka ce sun gaji da jira. Su za su kawo siminti da rodi, in gari zai kawo nasa: kowane gida ya ba da hatsi bayan kaka, a sayar a sallami magina. Ba babbar gada suke nufi ba, 'yar madaidaiciya ce wadda babur da amalanken shanu za su hau. Kafin su koma Kano gari ya rabu biyu. Wasu suka ce a yi. Wasu suka ce gada aikin gwamnati ne, kuma an ce duk garin da ya gina tasa da kansa za a cire shi daga cikin masu jiran babba. Babu wanda ya san daga bakin wa wannan ta fito, amma kowa ya ji ta.

Wata Asabar mai gari ya aika aka kira ni. Na durƙusa a zaurensa muka gaisa.

"Malama," in ji shi, "maza sun yi ta magana, kullum inda muka fara nan muke ƙarewa. Hatsin nan daga bakin tukunya za a rage shi, kuma mata ne suka san tukunya. Ki shiga gidaje ki ji bakinsu, ki kawo mana ranar taro."

Na ce to, ranka ya daɗe. A raina na ce aikin kwana biyu ne. Na yagi falle daga littafin rubutu, na ja layi a tsakiya, na rubuta "e" a dama, "a'a" a hagu.

Gidan da na fara shiga da gangan na zaɓe shi. Matar gidan ta taɓa haihuwa a bakin kogi. Naƙuda ce ta zo mata da gardama ranar da ruwa ya kawo, kawu ya ce ba zai saka jirgi ba, mata suka yi mata labule da zannuwa har Allah ya sauke ta a nan. Tun kafin in yi sallama fensirina yana kan "e". Na same ta tana tankaɗe, na faɗi abin da ya kawo ni.

Ba ta ajiye rariyar ba ta ce, "A ina za a yi ta?"

Na ce, "A mashigi mana, inda ake fito."

"Mashigi ya yi faɗi, Malama. Maigidana ya ji magini yana cewa sai can sama, inda kogi ya tsuke, akwai dutse. Can kuwa fadamarmu ce. In can ne, ta kan albasarmu hanya za ta bi."

Ni dai har ranar ban taɓa kawo wa raina cewa gada tana da wurin zama ba. A kaina gada ce kawai, ga ta nan a kan ruwa.

"To in rubuta ba kya so?"

"Wa ya ce ba na so? Ni da na haihu a kan yashi?"

"To kina so ke nan."

"Ki fara gaya mini inda za a yi ta."

Na fito ban rubuta komai ba, sai ɗan ɗigo da na yi a kan layin tsakiya.

Gidaje da yawa amsa ɗaya na samu: abin da maigida ya ce shi ne nawa. A wani gida na fito da wannan amsar, na tarar da maigidan a ƙofar zaure yana gyaran lauje. Na ce tunda gare ka aka turo ni, Malam, me ka ce? Ya ce shi ai ya bar wa mai ɗaki, abin da ta gaya mini shi ne nasa. Na tsaya tsakanin zaure da tsakar gida da takarda a hannu, na rasa ƙofar da zan koma.

Akwai wata dattijuwa mai suyar ƙosai a mashigi, kowa Inna yake ce mata. Ita ba ta ɓata mini lokaci ba. Ta ce ba ta so, domin masu jiran kwale-kwale su ne cinikinta, mai babur a kan gada ba ya tsayawa sayen ƙosai. Na ji daɗi, na rubuta ta a hagu, ga mutum ɗaya dai da ya san ransa. Washegari zan haye zuwa makaranta ta yafito ni da matsamin ƙosai.

"'Yar nan, goge abin jiya. Na kwana ina tunani. 'Yata tana aure a Kwandiko, can ƙetare, tun farkon damina ban sa ta a ido ba, gwiwoyina ba sa yarda da jirgi. Rubuta ina so."

Na goge, na mayar da ita dama.

"Amma hatsi ba zan ba da ko tsaba ba sai na ga simintin da idona."

Na ce, "Inna, su ma na Kano sun ce ba za su turo siminti ba sai sun ga hatsi."

"To su sani," ta ce, ta juya ga kaskonta.

Rana ta huɗu na taka zuwa rugar da ke bayan gari. Mutanen rugar sun daɗe tare da mu, suna noma suna kiwo, Hausa muke yi da su. Matan suka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo fura da nono. Babbar cikinsu ta ce wurin nan da kogi ya tsuke shi ne mashayar shanunsu tun kakanni, in aka zuba siminti da ƙarfe, ina dabba za ta sa baki? Surukarta kuwa ta ce da damina nononta a gaɓa yake tsami tana jiran layin jirgi, in da gada da hantsi ta isa kasuwa. Suka yi ta yi a gabana cikin ladabi, kowacce tana cewa gaskiyarki ne, sannan ta ci gaba da tata. Da zan tashi babbar ta tambaye ni: su da hatsinsu bai taka kara ya karya ba, za a karɓi tunkiya a madadinsa, ko ba a sa da su ba? Wannan ma ba a gaya mini ba.

Kawu ba mace ba ne, ba ya cikin aikina, amma ranar da muka rage mu biyu a jirgi na kasa haƙuri. Na ɗauka shi ne zai fi kowa ƙin gadar, tunda abincinsa ne za ta tafi da shi.

Ya tura gora cikin ruwa, ya ce, "Da za a wayi gari gobe da gada, da na yi sadaka. Kin san abin da ke kaina in na ɗauki mata da goyo ruwa yana ja? Kafaɗun nan sun gaji, zuciyar ta fi su gajiya."

"Ashe kana cikin masu ba da hatsi, Kawu."

"Ni? In ɗebi geron da na samu da jirgin nan in kai a kashe jirgin? Ba da hannuna ba. Su yi, zan sa albarka."

Na dube shi ko wasa yake. Ba wasa yake ba. Muka isa gaɓa ya riƙe mini jirgin na sauka.

A daidai nan ni ma tawa ta fara warwarewa. In na tuna yaran ajina da ke rasa makaranta duk ranar da ruwa ya cika, sai in ce a yi ko da me. In na bi ta fadama na ga kunyoyin albasa, sai in ce a dakata. Wani malami abokin aikina, mutumin Fagam, ya ce mini ƙaramar gada ruwan shekara ɗaya ne zai tafi da ita, a yi asarar hatsi a banza. Hedimasta kuma ya ce wanda ya jira babba zai tsufa a gaɓa. Duk wanda na saurara ƙarshe, shi nake ganin ya fi gaskiya, har in haɗu da na gaba.

Aka yi taron da la'asar a filin makarantar allo, lokacin an fara yankan gero. Maza sun cika tabarmi, ni ina gefe a kan kujera da takardata. Ta sha gugar roba har ta huje a wuri biyu, kuma ɗige-ɗigen tsakiya sun fi na dama da na hagu yawa. Mai gari ya ce Malama ta faɗa mana abin da iyayenmu mata suka ce.

Na miƙe. Na ce mata suna son gada, amma suna tambaya a ina. Na ce wasu za su ba da hatsi in sun ga siminti. Na ce akwai maganar fadama da ta mashaya. Na ce wasu sun bar wa maza, mazan kuma sun bar musu. Na duba takardar ko akwai abin da zai ɗaure zancen, ban ga komai ba, na zauna.

Mai gari ya gyara rawani ya ce, "To, alhamdu lillahi, mata sun amince."

Wani Alhaji mai sayen hatsi, jagoran masu cewa a jira gwamnati, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ni abin da na ji shi ne ba su amince ba."

Aka juyo gare ni gaba ɗaya. Na ce duka biyun akwai. Aka yi ta magana har aka kira magariba. Da ana watsewa Alhajin ya tsaya ya yi mini godiya, ya ce na faɗi gaskiya ban ji tsoro ba. Ban yi taku goma ba wakilin 'yan Kano ya tare ni, shi ma ya gode, ya ce na taimaki gari. Na isa gida ban san wanne na yi wa aiki ba.

Bayan kaka waɗanda suka yarda suka kawo hatsinsu, aka jibge a wani ɗaki a gidan mai gari. Bai kai abin da ake nema ba. Ana cikin jiran sauran, wata safiya da rani wasu mutane suka zo a farar mota da na'urar awo mai ƙafa uku. Suka yini suna leƙe-leƙe, suka kafa turaku masu jan fenti, suka tafi ba su ce wa kowa komai ba. Ba a mashigi suka kafa ba, ba kuma a fadama ba, can ƙasa ne wajen wata tsohuwar tsamiya inda ko hanya babu. Masu jiran gwamnati suka ce kun gani, babba tana tafe. Masu hatsi suka ce motsin da muka yi ne ya tashe su. Na Kano da suka ji labari suka ce bari a dakata a gani, kada a yi aiki biyu.

Aka dakata. Turaku suna nan, mota ba ta dawo ba. Da bazara ta ƙarato ƙwari suka fara shiga hatsin, dole aka sayar. Mayar wa kowa nasa ya gagara, domin an riga an gauraya gero da dawa, mudu da buhu. Bayan zama uku aka tsaya a kan abin da babu wanda ya taɓa kawo shi tun farko: a sayi sabon kwale-kwale, babba, mai ɗaukar babur. Aka kawo shi a bayan mota, aka damƙa wa kawu.

Ina wurin. Ya zagaya jirgin sau biyu, ya shafa katakon, ya ce Allah ya saka da alheri. Da mutane suka ragu ya ce mini a hankali, wannan ya fi tsohon nauyi.

Sabuwar gardama kuma ta tashi a daminar. Waɗanda suka ba da hatsi suka ce su ba za su biya kuɗin fito ba, jirginsu ne. Waɗanda ba su bayar ba suka ce ai ba don jirgi aka tara ba, kowa ya biya ko kowa ya shiga kyauta. Kawu ya ƙi shiga tsakani. Ya ajiye kwano a goshin jirgi, mai sakawa ya saka, wanda ya wuce bai ce masa komai ba.

Shekarar da ta biyo aka mayar da ni aiki Birnin Kudu. Ranar da na je yi wa kawu sallama ya ce, tunda zan zauna kusa da masu ofis, in tambayo masa ko su wane ne suka kafa turakun nan. Na tambaya a wuri biyu. Na farko ya ce lallai na gada ne, in yi haƙuri. Na biyu ya ce anya ba masu jan wayar lantarki ba ne, su ma jan fenti suke sawa.

Na kira kawu a waya na gaya masa duka biyun yadda na ji su. Ya ce to madalla, in gai da mutan gida, akwai masu babur uku a gaɓa suna jiransa.