Takardar da Ban Sa wa Hannu Ba

Na fi shekara ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron ɗora wa wani laifin da ba nasa ba. Amma abin ya ƙi barina.

Ƙanwata tana aure a wani ƙauye kusa da Takanamat. Ciwon kai ya matsa mata har tulu ya gagare ta ɗauka. Wanzami ya yi mata ƙaho a ƙeya sau biyu, a banza. Ranar da na ga ta miƙa hannu za ta ɗauki moɗa ta kama iska, na kawo ta asibiti a Tawa. Daga can aka tura mu Yamai, aka ɗauki hoton cikin kanta.

Likita ya nuna mini wani abu a hoton, bai fi ɗan dabino ba. Ya ce ƙullutu ne mai ruwa a ciki, ba cutar kansa ba ce, ba kasafai ake ganin irinsa ba. Sai dai yana danne jijiyar ido. In an cire da wuri, ganinta zai tsira. Ya tambaye ta ko ta yarda. Ta sunkuyar da kai ta ce duk abin da yayanta ya gani. Ya turo mini takarda.

Ban sa hannu ba. A wurinmu ba a sa wa matar mutum wuƙa sai da izinin mijinta, shi kuwa yana Abijan cin rani. Na buga masa waya.

"Yaya, kan mutum fa aka ce! Kabewa ce da za a fasa? Tunda ba kansa ba ce, a jira ni, da ruwan fari ina gida."

"Idonta yana tafiya."

"To a yanko mata tabarau mana."

Har da dariyarsa. Tabarau! Ni kuma, sakarai, na ninke takardar na mayar da ita ƙauye, don ina ta tunanin in ta mutu a hannun likita me zan gaya wa Allah, me zan gaya wa danginsa. Wata huɗu muna kallon sama.

Da ya dawo ya ga tana laluben bango, a ranar ya yarda. Aikin ya yi kyau, ciwon kai ya tafi. Idon hagu bai dawo ba. Na dama yana gani dishi-dishi.

Ba ta taɓa zagina ba. Sau ɗaya ta ce, "Yaya, ai ni tun ran nan na yarda. Kai nake jira." Mijin nata yana Abijan yanzu, hankalinsa kwance.

Don Allah, duk wanda aka yi wa ɗan'uwansa irin wannan aiki, ya gaya mini gaskiya: idon da ya shekara a rufe yana sake buɗewa? In akwai inda ake duba jijiyar ido, a faɗa mini. Wannan karon ba zan kira kowa ba.