Ɗan Koriya a Shagona na Maamobi

Shagon ɗinkina kwantena ce a unguwar Maamobi, an yanka mata ƙofa da taga. In an ɗauke wuta, guga ta tsaya, zafi ya hana mutum sakat, sai in jawo waya in buɗe labaran zane na Koriya, waɗanda ake ja da yatsa hoto na bin hoto. Da Turanci suke zuwa. 'Yan koyona kuwa Turancinsu na kasuwa ne da trotro, motar hayarmu, don haka ni ke karantawa ina juya musu da Hausarmu ta Zongo, su kuma suna leƙen hotunan ta kafaɗata.

Ni ba na son masu daɗi-daɗin nan na furanni da riƙe hannu. Masu duhu nake so. Wanda ya kama mu a shekarar nan, saurayi ne dogo, fari tas, idanunsa kamar bai taɓa barci ba. Ya ga yarinya ya bi ta, ya san inda take cin abinci, ya raba ta da ƙawayenta, ya karɓe wayarta, ƙarshe ya kulle ta a bene. Mugu ne, wallahi mugu. Amma mai zanen ta iya tsiya. Duk sa'ad da ya yi wata mugunta, sai ta ɗora ɗan baƙin akwati a saman kansa ta rubuta abin da ke zuciyarsa: tsoro yake ji, uwarsa ta tafi ta bar shi yana ƙarami, in wannan ma ta tafi mutuwa zai yi. Yarinyar labarin ba ta ganin akwatin, mu ne ke gani.

To, wannan akwatin ne daɗin abin. Shekara da shekaru ina zaune da maigidana, ban taɓa jin ya ce yana tsoron komai ba. In ransa ya ɓaci sai ya ce miya ta yi gishiri. Sai ga namiji an buɗe mana cikinsa muna leƙawa! Duk Alhamis ake sako sabon kashi, kuma tun Laraba ba na iya zama wuri ɗaya. Har Hajiya ta gefenmu mai waakye, wato shinkafa da wake, takan bar tukunya ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, tana tsinuwa tana cewa in ci gaba.

Babbar 'yar koyona ita ta fi kowa shiga. 'Yar unguwar Alajo ce, uwarta koko take sayarwa, kuma hannunta a almakashi ya fi nawa, na faɗa ba kunya. Ta gama shekarun koyo, tana cikin watannin godiya, waɗanda 'yar koyo ke yi wa madam aiki kafin a yi mata bikin yaye, abin da muke kira firidom. Ran firidom ake miƙa wa yarinya almakashi da awo, tef ɗin gwaji, a gaban jama'a. In ba a miƙa miki ba, a unguwar nan har abada 'yar koyo ce ke, ba mai kawo miki leshin biki.

A cikin watannin nan ta yi saurayi, mai sayar da kayan babur. Da fari ya riƙa kawo ta da safe. Sai ya koma yana zuwa da rana ya tsaya ƙetaren kwata, bai sauka daga babur ba, bai gaishe ni ba, kallon ƙofa kawai yake. In wani namiji ya shigo a gwada shi, wayarta ta fara ruri kenan. Wata rana ta zo ba waya. Ta ce ya karɓa zai gyara mata.

"Gyaran me?" na ce. "Jiya lafiyarta ƙalau."

"Madam, ba ki san shi ba ne," in ji ta. "Tsoro yake ji kar in bar shi."

"Shi ya gaya miki?"

Ta yi murmushi ta ce ai ba sai ya faɗa ba. Nan take sauran suka kama mata. Wata ta ce ƙila maraya ne. Hajiya mai waakye, da girmanta da jikokinta, ta ce irin waɗannan in suka so mace ba sa haɗa ta da kowa. Kafin in zare allura daga bakina sun gama rubuta masa baƙin akwatinsa, kowa ta sa nata layin. Mutumin nan yana can kan babur yana sakace haƙori, bai ce uffan ba.

Raina ya ɓaci, na ce musu ku ji min mata! Wancan takarda ce, akwai mai zane da ta san cikinsa don ita ta yi shi. Wannan wa ya san cikinsa? Suka yi dariya suka ce Madam kishi take. Na yi ta kai-komo a shagon nan, in ɗauki yadi in ajiye, in leƙa waje in dawo.

Alhamis ta zo, na ce yau zan karanta amma ba zan karanta akwatin ba. Na juya musu abin da ya fito daga bakinsa kaɗai, da muryar mazan unguwar Nima. "Ba inda za ki. Ba ni wayar. Wa kika yi wa dariya?" Ni kaina sai da na tsorata, don ba kyan fuska, ba ruwan sama a taga, maganar da muke ji ta bangon maƙwabta ce kawai. Babbar 'yar koyona ta miƙe ta ce na ɓata labarin, ta koma kan keke ta juya min baya.

Na je Alajo wurin uwarta. Ta ce ita ma hankalinta bai kwanta ba, amma yaron ya aiko da goro, kuma ba ya sha ba ya caca, me za ta gaya wa kawunnan yarinya? Na ce ta gaya musu a bari a yi firidom tukuna. Wannan kaɗai na roƙa, kuma ta amince.

Ranar firidom ɗin mun kafa rumfa, mun jera kujeru, masu kiɗa sun zo. Ta fito cikin farin leshin da ta ɗinka da hannunta, aka zazzage mata hoda a kai, mata na guɗa. Na ce alhamdu lillahi, mun tsallake. Ana cikin jawabin shugabar ƙungiyarmu ta maɗinka, almakashi da awo na kan faranti a hannuna, sai hon ɗin babur. Saurayin ne. Ya sake dannawa. Ta raɗa min cewa za ta je ta dawo yanzu-yanzu, in ba ta je ba zai ɗauka ta wulaƙanta shi a gaban mutane. Na riƙe mata hannu na ce ki tsaya a miƙa miki, minti nawa ne? Ta zare hannunta a hankali. Na tsaya da faranti har masu rumfa suka zo kwance kayansu.

An ɗaura auren bayan salla. Na aika a gaya mata ta zo ta karɓi almakashinta ko wace rana ce, a gaban 'yan shago ma ya isa, ba amsa. Na ji haushinta, na ji tausayinta, har yau ban san wanne ya fi yawa ba. Labarin kuwa na ci gaba da karanta abina ni kaɗai har ya ƙare, don ƙarya nake in na ce na daina so.

Kwanakin baya na gan ta a mahaɗar Kawukudi, ina jiran trotro. Ta rame, tana riƙe da leda, idonta na kan titi. Ta durƙusa ta gaishe ni. Na buɗe baki zan yi maganar almakashi, sai ta riga ni.

"Madam, labarin nan ya ƙare?"

"Ya ƙare."

"Ya canza?"

Wallahi na so in yi mata ƙarya. A labarin ya canza, ya durƙusa ya yi kuka, ya buɗe mata ƙofa da hannunsa, ita kuma ta zaɓi ta zauna. Na gaya mata haka, na ƙara da cewa ya canza ne don mai zanen ta ga dama, ta gaji tana so ta rufe labarinta.

Ban san ko ta ji ƙarshen maganata ba. Fuskarta ta riga ta washe.

"Na sani," ta ce. "Na san zai canza."

Ta gyara mayafi ta ce bari ta yi sauri, ya san lokacin da ta fito.